Gwiwar Umma

Aikinta ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ranar kuwa surukarta ce a layi. Likita ya ce a ɗauki gwiwar tsohuwar tana tsaye, don sai nauyin jiki ya hau gaɓar ake gane iya ɓarnar da sanyin ƙashi ya yi.

Tun daga ƙofa hankalinta bai kwanta ba. Umma da ba ta yarda a riƙe mata ko hannu, yau a keken marasa lafiya ɗanta ya turo ta. Da aka ɗage zane, gwiwar ta kumbura har tana sheƙi, ga sabuwar ƙujewa a tafin hannu.

Ta roƙi maigidan nata, ɗan Umma, ya jira a waje, ta durƙusa ta tambaya ko faɗuwa aka yi.

"Ke dai yi aikinki, 'yar nan. Kama ni in tashi."

Har Umma ta dafa hannun keken ta yunƙura. Ita kuwa ta san in akwai karaya a ɓoye, tsayuwar nan na iya rufta ƙashin. Tunda ta shigo gidansu ba ta taɓa yi wa matar nan musu ba. Sai ga hannunta a kafaɗar Umma.

"Ki gafarce ni, Umma, ba za ki tashi ba."

Umma ta watsa mata wani kallo. Ta buga wa likita waya, ta faɗi abin da ta gani. Ya ce a fasa tsayuwar, a kwantar da ita, a ɗauka ta gaba, a ɗauka ta gefe, hasken na'urar na ratsawa a kwance, kada a lanƙwasa ƙafar.

Hoton farko bai nuna wani abin kirki ba. Maigidan ya soma ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar ko lafiya. A na biyu, saman ƙoƙon gwiwa, wani layi ya fito miƙe sambal, kitsen ɓargo na yawo a kan jini, alamar akwai karaya a ɓoye. Likita ya zo ya duba, ya ce ƙashin ƙauri ya tsage daga sama, a ɗaure ƙafar kafin a zurfafa bincike.

Sai lokacin Umma ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki da safe.

"Kar ki gaya wa mijinki. Hana ni zama ni kaɗai zai yi."

Ta gyara wa tsohuwar zane, ta ce wannan kam ba ta da ikon ɓoyewa. Umma ta juya fuska bango, ita kuma ta je ta buɗe ƙofar.