Ba Ya Ji

Gurbi ɗaya ya rage a ajin yaran da ba su kai shekara uku ba, Ɗanlele kuwa saura kwana tara ya cika ukun. Shi ya sa uwarsa ta kasa zama da kyau a ɗakin gwaji na cibiyar, sai gyara mayafi take yi. Yaron na ƙasa yana jera murafen kwalba, ko kallo ba su ishe shi ba.

Malamar da ke duba yaran ta juya takardarsa.

"Maman yaro, an rubuta ba ya ji. Mu masu otizim, wato galahanga, muke koya wa magana da mu'amala. In kunne ne, ba nan ba ne."

Aikin uban ne, wata biyar da suka wuce. Magatakarda ya tambaye shi me ke damun yaro, shi kuwa sarkin gajerta zance ya ce, "Ba ya ji." Nufinsa sai a kira yaron sau goma ya yi biris. Aka tura su layin likitan kunne, har yau layi bai zo kansu ba. Tun uwar na musu har ta yarda ɗanta kurma ne.

"Kira shi," in ji malamar.

Ta kira sau uku. Ko gezau. Sai ta ga hannun malamar ya nufi murfin fayil.

Amma malamar ta dakata. Ta ɗauki murfin kwalba ɗaya, ta zagaya bayan labule, ta sake shi a ƙasa. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar allura ba. Ɗanlele ya waiga firgigit.

"Kunnensa garau. Ku kawo shi ran Litinin."

Daɗi ya rufe uwar, amma bai daɗe ba. Shekaranjiya da ya kifar da abinci, a kansa ta tsaya ta ce wa yayarta, "Wallahi Yaya, na gaji da yaron nan."

"Malama, duk abin da ake faɗa a gabansa...?"

"Yana ji. Amsawa ce ba ya yi."

Uwar ta durƙusa kusa da shi, kunya kamar ta nutse. Ta ɗauko murfin da ya faɗi ta miƙa masa, ta ce a hankali, "Ban gaji ba."

Bai kalle ta ba. Ya karɓa, ya sa shi a layi.