Shirun da Auta Ya Yi

Shekara ashirin da shida muna haya a gidan nan, har bangon falo ya haddace tsawon kowannenmu, domin da fensir Baba yake auna mu a jikinsa. Ni ce babba, tela ce, kuma an shaide ni da rashin riƙe baki. Ƙanena Auta shi ya yi karatu mai zurfi. A babban bankin ƙasa yake aiki, cikin wani ɗaki mai sanyi da ba shi da ko taga.

Da kasuwa ta mutu, mai gidan ya matsu. Ya zo har falo ya ce zai sayar, kuma Baba ne farkon wanda ya yi wa tayi. Abin da Baba ya tara a shekarunsa na tuƙin bas ya kusa kaiwa, in ya haɗa da tsohuwar motarsa shi ke nan. An ba shi mako guda.

Ranar Asabar muna cin abincin rana ya ce, "Auta, kai ne idonmu. In saya yanzu, ko in jira farashi ya ƙara karyewa?"

Auta ya yi ta juya cokali a faranti. Can ya ce, "Baba, ba zan iya cewa komai a kan wannan ba."

Baba ya yi dariya. "Kun ji ɗan banki! To, shiru ma magana ce." A zatonsa yaron kunya yake ji ya ce masa kada ya yi gaggawa. Ya bar makon ya wuce.

Bayan kwana goma rediyo ya sanar cewa babban banki zai fara sayen takardun bashin gwamnati daga hannun masu riƙe da su, ya biya su da sabon kuɗi, wai don ruwan rance ya sauka, kasuwa ta farfaɗo. Ta farfaɗo kuwa, amma ba a layinmu ba. Waɗanda suka sayar da takardun suka rasa inda za su zuba kuɗin, sai suka faɗa wa gidaje. Cikin wata uku farashin namu ya wuce inda hannun Baba zai kai. Mai gida ya daina ɗaga waya. Wani kamfani ya saye layin gaba ɗaya, aka manna mana takardar tashi a ƙofa.

Na ji haushin Auta har cikin ƙashina, ban kuwa ɓoye ba. Ranar tashi ya zo da rigar ofis, yana cire ƙafar gadon Baba, na tsaya a kansa.

"Faɗa wa Baba gaskiya. Ranar da ya tambaye ka, ka san abin da za ku yi?"

Bai ɗago ba. "Na sani, Yaya. Ni na rubuta jadawalin sayen. Rantsuwa muka yi ba za mu faɗa wa kowa ba."

"Ubanka ne kowa?"

Baba yana zaune a kan kwali, hannunsa a gwiwa. Na so ya yi faɗa, ko ya zage shi, mu huta. 

"Bar shi," in ji Baba. "Ni na ce masa ko wuƙa aka sa masa a wuya kada ya ci amana. Ban ce masa ban da ni ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya kama kan gadon. "Ɗauki wancan gefen, Auta. Ɗakin da za mu bai kai wannan ba, ban ma san ko zai shiga ba."