Fil a Cikin Burodi

Auta tela ce, irin telolin nan da ba a raba bakinsu da fil. Tana magana da shi a gefen leɓe, tana dariya da shi, in wuyan riga ya karkace hannunta ya riga ya soke shi kafin ita kanta ta lura. Shagonta ɗaki ne a gaban gidansu, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana shiga falo, inda Baba, mahaifinta, yake wuni a kujera da rediyonsa tun da ya tashi daga jinya. Rabin haƙoransa sun tafi, abinci kuwa sai an yi ta lallashinsa kamar yaro.

Gasar a waya ta gan ta: hoton abinci, ta 'yan koyo kaɗai, wanda ya ci a ba shi tukunyar lantarki. Ba tukunyar ce ta tsole mata ido ba. Hotunan da mutane suke turawa ta gani, shinkafa a zube kamar an yi ɓari, ta ce wallahi ko da ido ɗaya ta fi su. Ta karanta abin da alƙalan gasar suke so har ta haddace. Haske ya shigo ta gefe, daga taga. Kada a cika faranti da tarkace. Abincin ya yi tsayi, launukansa su fito, mai kallo ya ji kamar ya miƙa hannu.

Tsayin ne ya ba ta wahala. Ta jera burodi, soyayyen ƙwai, yankan tumatir, ganyen latas, ta ɗora wani burodin, ta sake wani hawan. Tana ɗaga waya benen ya zame. Ta gyara, ya sake zamewa, ga rana tana shirin barin tagar falo. Sai hannu ya yi abin da ya saba. Nan fil, can fil, ganye ya tsaya, tumatir ya nutsu, kowane fil ta tura kansa ciki da farce har ya ɓace, domin a wurin Auta aikin da fil ya leƙo ba aiki ba ne.

Hoton fa ya yi kyau, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Gwaiduwar ƙwai tana sheƙi, inuwa ta kwanta a bayan faranti sumul. Tana cikin turawa aka yi sallama a shago, wata kwastoma ce mai mitar tsiya ta zo gwada riga. Auta ta bar farantin a kan teburin taga ta fita.

Da ta dawo, ɓurɓushi ne a farantin da guntun ganye. Baba ya ja kujerarsa har bakin teburin, yana share gemu da bayan hannu, fuskar nan a washe.

“Auta, yau kam kin yi abin kai,” in ji shi. “Da haka kike jera min abinci, ai da tuni na yi tumbi.”

Auta ta kalli farantin. Ta dafa bango.

“Baba… duka kuka cinye?”

“To da na waye? Sai dai akwai ƙayoyi a ciki, ban san ƙwai yana da ƙaya ba. Ga su nan na tofar.” Ya nuna gefen faranti, inda fil biyu suke kwance a jiƙe. “Wasu kuma na ji sun wuce, na bi su da ruwa.”

Tsoro irin wannan ba ta taɓa saninsa ba. Ta ga maƙogwaron Baba yana motsi yana haɗiyar yawu, ta ji kamar a nata maƙoshin abin yake. Ta ɗauki waya ta kira yayanta, wanda yake tuƙin tasi.

“Yaya, ka zo. Ka zo yanzu, don Allah. Baba ya haɗiyi fil.”

“Fil? Wane irin fil? Ke, me ya kai fil bakin Baba?”

“Ni ce, Yaya. Ka zo kawai.”

A mota ta zauna baya ta riƙe kafaɗun tsohon, kamar riƙon zai hana abin da ke cikinsa motsi. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta runtse ido. Yaya yana tuƙi yana kallonta ta madubi, da ta gama yi masa bayani bai zage ta ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mata sauƙi.

“Hoto,” kawai ya ce. “Saboda hoto.”

Baba ya yi tari sau ɗaya, su biyun suka zuba masa ido.

“Ku kam kun cika tsoro,” ya ce. Amma hannunsa yana kan cikinsa, bai kuma ɗauke ba.

Likitar da ta karɓe su ba ta da lokacin faɗa. Ta sa aka ɗauki hoton cikin Baba, ta dawo ta tsaya gaban Auta.

“Ina ganin uku, amma fil siriri ne, wani yana iya kwanciya a bayan wani. Nawa kika saka?”

Auta ta gwada ƙirgawa a yatsu. Wane tela ne yake ƙirga fil? Daga gwangwani take ɗiba da yatsu biyu, haka ta tashi ta ga ana yi.

“Ban sani ba, likita.”

“Yi tunani. Ina so in san lokacin da zan daina nema.”

“Akwai hoton abincin,” in ji Yaya. “Ciro wayar, a duba.”

Suka haɗa kai su uku a kan wayar. Likita ta buɗa hoton da yatsu, ta bi shi hawa-hawa, gefen burodi, ƙasan tumatir, lanƙwasar ganye. Auta tana addu'a a zuci ko kan fil ɗaya ya yi ƙyalli, ko ɗaya tak ya ci amanarta. Babu. Ta ɓoye su da kyau, kamar yadda take alfahari da yi.

Likita ta miƙa mata wayar. “Kin iya aiki,” ta ce, kuma babu ba'a a muryarta.

Aka shiga da Baba, za a zura masa wata siririyar na'ura ta maƙogwaro a kamo su. Auta ta zauna a benci tana kallon ƙofar. Duk nas ɗin da ta fito da sauri sai gabanta ya faɗi. Ta yi ta ƙoƙarin tuno hannunta: ɗaya a ganyen sama, biyu a tumatir, ko uku ne? Duk lokacin da ta kai ƙarshe sai wani ya faɗo mata.

Huɗu aka ciro. Aka riƙe shi a asibiti ana sake ɗaukar hoto, Auta tana zaune a gefen gadonsa, in ya juya ko ya yi nishi ta miƙe tsaye. Daga baya likita ta ce ba ta ƙara ganin komai, su tafi gida, amma in ya yi amai ko cikinsa ya murɗa su dawo a guje.

Baba bai ɗaga zancen ba ko sau ɗaya. Da Yaya ya so ya fara, cewa Baba ya yi, “Bar min yarinya, ba da gangan ta yi ba.”

Ran da aka ce ya fara cin abu mai ɗan nauyi, Auta ta dafa masa dankali, ta murƙushe shi luɓus, ta kawo ta durƙusa a gabansa.

“Baba, ga shi. Ku ci ko kaɗan ne.”

“Allah ya yi miki albarka, Auta.”

Ya ajiye cokalin a gefe. Ya ɗebo ɗan kaɗan da hannu, ya murza tsakanin yatsunsa a hankali, ya sake murzawa, sannan ya kai baki. Loma ta biyu ma haka, ta uku haka. Ya ɗan juya mata kafaɗa, wai don kada ta gani.