Reshen da Dokta Hindu Ba Ta Zana Ba

A Tudun Wada cewa ake Dokta Hindu ba ta duba mutum ɗaya, sai dangi duka. Wasu su ce ta fi maroƙa sanin kakannin mutane. Abokan aikinta kuwa tsiya suke mata, wai ta ajiye allura ta koma zanen itatuwa.

Shekara goma sha tara tana bin sawun ciwon ƙoda na gado, wanda ke tara ƙululun ruwa a hankali, shiru, har ranar da ƙodar za ta gaji. Gida-gida take shiga da takarda, ta zauna a tabarma, ta zana wa ya haifi wa. Wani lokaci bayan la'asar, in ta jingina a ofis, sai ta ga rassan nan suna motsi a bango kamar ciyawa cikin gulbin Rima, matattu da rayayyu suna lilo a jikinsu.

Da gidan Iyatu ta fi alfahari. Shekara takwas baya ta tambayi tsohuwar 'ya'yanta nawa, Iyatu ta ambaci huɗu tana kallon ƙasa. Aka yi wa huɗun hoto, aka kama ciwon da wuri a jikin biyu, ana tsare musu hawan jini, suna nan garau.

Sai wata Laraba aka kawo Illo, direban tipa daga Kalambaina, ƙafafu a kumbure. Ƙodojin sun riga sun tafi, sai dai wankin ƙoda. A bakin ɗakin da aka kwantar da shi, Hindu ta tarar da Iyatu zaune, ta ba gadon baya, carbi ya tsaya mata a hannu. Ta tambaye ta me ya haɗa ta da Illo. Tsohuwar ta ce:

"Wancan ɗan gidan Sodangi na."

Sodangi ƙanen mijin Iyatu ne, shi aka ba riƙon Illo tun yaye.

Nan Hindu ta gane. Illo ɗan farin Iyatu ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ambatonsa gaban mutane. Ita kanta 'yar fari ce. Innarta har ta koma ga Allah "ke, wance" take ce mata. Ta san wannan tun kafin ta shiga boko, amma a ranar ta rubuta huɗu ta rufe takarda.

Ta durƙusa a gaban tsohuwar, farar rigarta na shafar ƙasa.

"Inna, ke abin da anka koya miki kinka yi. Ni ce ban tambayi na hwari ba. Ki gahwarce ni."