Gicciyen Farar Ƙasa

Kwana tara ke nan Casilda tana dafa kofi da ƙullin masara a ganye, tana jin ana tsarkake surukarta da baki.

Surukar tata, Doña Eufemia, ta mutu tana da shekara casa'in da shida, ta bar 'ya'ya takwas a raye, jikoki arba'in da wani abu. A tsakiyar ɗaki, inda aka kwantar da gawarta, an zana gicciye da farar ƙasa, an kewaye shi da kyandir da furanni. A al'adarsu, inuwar mamaci, wato ruhinsa, tana nan cikin gicciyen, sai ranar tara a share shi a kai kabari, sannan ta bar gida. Kuma ɗan gida ba ya sharewa, sai baƙo.

'Ya'yan duk sun zo daga birni da baƙaƙen kaya masu ƙamshin kanti. Otilia, babbar 'ya, ita ce shugabar kuka. Wannan mata da sai ta yi shekara biyu ba ta leƙo garinsu Huaquechula ba, yau ita ce ke ba da tarihi.

"Inna ba ta taɓa fashin coci ba," in ji ta, tana matse idon da babu ruwa. "Ko da ƙafa ta mutu mata."

Gaskiya ne. Sai dai ba ta faɗi wa ke tura ta a keken guragu ba, a kan duwatsun hanya, kowace asuba, shekara goma sha ɗaya.

"Kullum teburin Budurwa Maryamu fes, da sabbin furanni," in ji Otilia.

Casilda ta dubi hannunta da ƙaya ta gama zanawa, ta ci gaba da zuba kofi.

Tsohuwa dai ta yi ibada, ba mai ƙwace mata wannan. Carbinta ya sha hannu har 'ya'yansa sun yi sulɓi. Ta iya jan addu'a da baki ɗaya, ta tsaya tsakiya ta ce wa Casilda wake ya yi gishiri, ta koma ta ɗora daga inda ta tsaya. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "matar Fermín". Da ɗan nata Fermín ya mutu ma sunan bai canza ba.

Abu ɗaya Casilda take so a yau. Idan aka zo ɗaga gicciye, wato share shi, 'yan gida sukan durƙusa a jere gefen dama, kowa da kyandir, su nemi gafarar mamaci. Tana son wurin nan, ko da a ƙarshen layi ne. Har baƙin mayafinta ta goge tun jiya.

Da hantsi mai jan addu'a ta iso, ta tambaya, "Wa zai ɗaga?"

Mutum takwas masu digiri, babu wanda ya tuna a nemo mai sharewa. Suna can suna gardamar hoton da za a sa a bango.

Otilia ta juyo da murmushi. "Ai ga Casilda."

"Yaya Otilia, ni fa ta gidan nan ce."

"Haba, kin san abin da nake nufi. Jini ake cewa. Inna ma da bakinta ta faɗa mini a waya, ta ce in lokaci ya yi kada mu wahala, akwai baƙuwa a gida." Ta dafa mata kafaɗa. "Girma ne fa aka ba ki."

Wato tsohuwa ta shirya wannan ma, tsakanin wata addu'a da wata. Casilda ta dubi 'ya'yanta biyu, sun riga sun durƙusa a gefen dama da kyandir ɗinsu, su jini ne, sun sunkuyar da kai.

Ta karɓi 'yar tsintsiya da akwatin da za a zuba farar ƙasar. Ta durƙusa ita kaɗai a gefen hagu.

Ta fara daga kai, kamar yadda aka saba, sai hannun dama, sai na hagu, sai ƙafa. Ana waƙa, Otilia tana shessheƙa da ƙarfi don na baya su ji. Da aka kai ƙarshen waƙar, mai jan addu'a ta ce ya isa haka.

Casilda ba ta tashi ba. Ta san kowace tsaga ta daɓen nan. Ta zare fil daga gashinta, ta shiga bin tsagogin ɗaya bayan ɗaya, tana tono farar ƙasar da ta maƙale tana zubawa a akwati. Gwiwoyin 'yan birni suka fara ciwo, kakin kyandir yana ɗiga musu a yatsu.

"Dubi irin ƙauna," Otilia ta raɗa wa ta kusa da ita. "Ta kasa rabuwa da Inna."

Casilda ta lashi yatsa, ta dangwali ƙwayar ƙarshe, ta rufe akwatin ta danna murfin da tafin hannu. Ta miƙa wa Otilia.

"Ga uwarku nan, Yaya. Duka. Ban bar ko kaɗan a gidana ba."