Rigar da Tela Ta Ɗinka wa Ƙaninta

Kai, Auta, kai ka bar yayarka ta mutu. Na faɗa a gaban masu ta'aziyya, na kuma sa jikata ta rubuta, tunda ni ban yi boko ba.

Tela maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu. Da ƙarar kekenta na ɗinki nake tashi. Da hantarta ta lalace, idonta ya koma rawaya, ciki ya kumbura har ƙafarta ta daina kaiwa ga feda. Ni na raka ta asibiti.

Likita ya ce, "Yanzu an ci gaba. Ana yankar ɓangaren hantar mai rai a dasa mata, tasa kuma ta sake tohowa."

Na ce, "To ga ni, ku yanki tawa."

"Mama, kin tsufa."

"Hantar ce ta gaya maka?"

Tela ta yi dariya har ta riƙe ciki. Nan kai, ƙaninta da ta goya, ka daki ƙirji ka ce, "Yaya, ko duka ce a ɗauka."

Ta dawo gida ta zauna gaban keke, tana juya shi da hannu. Riguna biyu ta yanka, masu faɗi, maɓallai a gaba, don kada su goge muku ɗinkin ciki bayan tiyata. Ta gama tata, ta fara taka.

Ranar gwaji a asibiti, sai aka shiga da kai ɗaki kai kaɗai. Ka fito kana kallon takalminka, ka ce wai jininku bai dace ba.

Wane jinin? Shekarar da babur ya kaɗe ka, ina tsaye aka ɗebi nata aka ƙara maka, nas ta ce iri ɗaya ne! Na tare likita a baranda.

Ya ce, "Mama, abin da mai bayarwa ya faɗa mana a ɗaki, a ɗaki yake zama. Ba ma tilasta kowa." Sai ya kama ba ni labarin wata na'ura mai raya hanta a wajen jiki, da abin da ake sa ran yi nan gaba.

Na ce, "Nan gaba? Ita yau take mutuwa!"

Na koma gida na kasa zama. In share tsakar gida, in leƙa titi, in kira wayarka, a kashe. Tela tana kwance tana bi na da ido.

"Inna, zauna, kina sa ni jiri."

"Ƙarya ya yi miki!"

"Na sani. Matarsa na da ciki, kuma tun yana yaro ko allurata ya gani sai ya gudu. Ki bar shi."

Ban bar ka ba. Tsoro ba laifi ba ne, ni ma na san shi. Amma ka zo ka zauna a bakin gadonta ka ce "Yaya, na tsorata," wannan ma ya gagare ka? Duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Da hantsi ta cika, hannunta a cikin nawa, fuskarta na kallon ƙofar.

Jiya ka turo mota a kwashe kayanta. Na kulle ɗakin, mabuɗi yana bakin zanina. Ka zo da ƙafarka, ka dubi idona, ka faɗa mini abin da ka gaya wa likita.

Rigarka tana nan kan keke, hannu ɗaya ba a haɗa ba, allura na soke a ciki.