Wayar Motar Suruki

A shekarun da aka samu mulkin kai, duk Dutsin-Ma ba bakaniken da ya kai Sodangi sanin wayar mota. Ran nan da hantsi sai ga surukinsa, Alhaji Mamuda mai hatsi na Kurfi, an turo a-kori-kurarsa ta ƙi tashi. Ɓera ne ya gaigaye wayoyi a ƙarƙashin sitiyari.

Shi aikin nan rigingine ake yin sa, kai a ciki, ƙafafu a waje. To, Alhaji ya sa an shimfiɗa masa tabarma daidai ƙofar motar, ya zauna yana jan carbi. Ina ɗan mutunci zai miƙe wa uban matarsa ƙafa? Kuma da wane bakin zai ce masa ya gusa? Sai Sodangi ya tsuguna, kai a sunkuye, ya zura hannu yana lalube. Ya feƙe wayoyin, ya murɗe su, ya naɗe waɗanda yatsunsa suka tarar. Wadda ba su tarar ba ta zauna tsirara, jikin ƙarfe.

Mota ta tashi. Alhaji ya ce, "Allah shi yi maka albarka. A gaida ɗiyata Tani."

Ko bakin gari ba su kai ba hayaƙi ya turnuƙe. Ilu direba ya fizge kan batir, aka kashe wutar da ƙasa, amma ta riga ta cinye gefen babbar rigar Alhaji.

Da Sodangi ya iso da gudu, jama'a sun taru. Ilu ya ɗaga ƙonanniyar wayar kowa ya gani.

"Malam Sodangi, wannan gyara ne, ko kai da ɓeran kuka raba aikin?"

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya dubi Sodangi ya ce, "Na ga ko leƙawa ba ka yi ba. Me ya hana ka?"

Amsar tana bakinsa. Amma faɗarta ɗora wa dattijo laifi ne a gaban mutane.

"Ba komai, Baba."

"To, madalla. Ilu, a kai ta wurin Garba."

Rumfar Garba bakanike kuwa tana kallon ta Sodangi. Masu turi suka yi kaɗan, sai Sodangi ya sa kafaɗa da kansa. Haka ya tura ta, ya wuce ƙofar rumfarsa idonsa a ƙasa, har gaban Garba.